Shekarar da Babanku Ya Zana Jirgin Iri

Kun girma da wata magana a bakinku, kuma tun da na ji jikokina ma sun fara maimaita ta, dole in zauna in warware muku ita tun ina da sauran ido. Kuna cewa Baffanku Lawali ne ya hana babanku zane, ya tattara takardunsa ya cinna musu wuta a bayan gida. Nafisa, ke kika ga wutar, ban ƙaryata idonki ba. Sai dai a lokacin ko kallabi ba ki iya ɗaurawa da kanki ba, kuma abin da yaro ya hango ta kafar zana ba shi ne dukan labari ba. Ku bi ni a hankali, zan faro daga shekarar da aka yi littafin.

Babanku Sahabi mai fenti ne. A wancan zamani, in ka bi layin kasuwar Gummi, da wuya ka ga allon shagon da ba hannunsa ba ne. Shi ke rubuta sunan mai shayi da mai ɗinki, shi ke zana zaki da gaggafa a bayan manyan motocin da ke lodin shinkafa. Ni kuwa ina koyarwa a firamare, kuma ina da wani akwatin ƙarfe cike da littattafan soyayya da matan unguwa ke aikowa su ara. Wata rana ya dawo daga kasuwa da wasu tsofaffin takardu da mai gwanjo ya naɗe masa takalmi a ciki. Shafukan wani littafi ne na ƙasashen waje, duk hotuna a cikin ƙananan gidaje, mutane na magana a cikin wasu farare kamar ƙwai a saman kawunansu. Ba kai ba gindi, kuma ba Turanci ba ne balle in karanta masa. Ya shimfiɗa su a tabarma ya manta da takalmin.

"Kulu, zo ki gani," in ji shi. "Ban san yarensu ba, amma na san mi yaf faru. Wanga ya ci amanar wancan, wannan kau ya gane. To mi zai hana a yi irin shi da Hausa, da mutanenmu?"

Na ce masa ya yi mana. Ban ɗauka da gaske yake ba.

Tun daga kakar nan har ruwa ya sake sauka, kullum in ya dawo masallaci da asuba sai ya zauna a bakin zaure inda haske ke fara shigowa, da fensir da baƙin biro, har lokacin fita aiki. Ya sa wa littafin suna Jirgin Iri. Labarin wani zamani ne mai zuwa, bayan jikokin jikokinmu, lokacin da gulbin Zamfara ya ƙafe ƙurmus, fadama ta tsage, shinkafa ta daina fita. Sai masunta da maƙeran Gummi suka haɗu suka ƙera wani jirgi na ƙarfe, siffarsa siffar jirgin fito, amma a rufe, ba ya bin ruwa sai sararin sama. Suka loda masa irin shinkafa, suka zaɓi mutane, cikinsu da wata yarinya ɗiyar sarkin ruwa, suka tashi neman wata duniya mai gulbi. Ya zana su da hulunansu da zannuwansu, da butar alwala ɗaure da igiya don kada ta tashi sama, domin ya taɓa ji a rediyo cewa can abu ba ya da nauyi. Da ya gama kashi na farko muka kai shagon kwafi, mai janareta ya buga mana, ni na ɗinke su da zare da allura, na zuba a akwatina tare da na soyayya.

Daga nan ra'ayoyi suka fara dawowa, kowanne da irin ƙafar da ya zo da ita. Maƙwabciyarmu ta katanga ta maido nata da kanta, ta tsaya tsakar gida tana juya shi.

"Malama, na duba har ƙarshe, ban ga an yi aure ba. Ko an cire wasu shafuka?"

Wata ta aiko da shi ran da ta karɓa, ta ce an yi kuskure an ba ta na yara. Shugaban makarantarmu ya duba shafi biyu a ofis, ya ce hannun mutumin yana da kyau, amma littafin da rabinsa hoto ne ragwaye ake yi wa shi, kada in bari ya shiga aji. A bakin gulbi kuwa har faɗa aka yi, don wasu masunta sun ce wannan mugun fata ne, wane ne Sahabi da zai ƙafar da gulbin da kakanninsu suka ci a ciki. Wasu suka ce ai ga shi nan yana ja da baya kowace shekara, wanda bai gani ba bai so gani ba ne. Abin da na lura da shi ni mai akwati shi ne, littattafan soyayya suna dawowa tsaf, don mace ɗaya ke karanta su a ɗaki ta ɓoye ƙarƙashin matashi. Jirgin Iri kuwa yana dawowa da shatin mai da yatsun tuwo, kusurwoyinsa a lanƙwashe, alamar gida guda ya taru a kansa. Na gaya wa babanku haka, ya yi murmushi, amma na ga maganar shugaban makaranta ta fi zama masa a rai.

Kakarku Inna ba ta taɓa riƙe littafin boko ba a rayuwarta. Wata la'asar tana tsintar shinkafa a faifai, sai ta ga ɗaya a gefen tabarma, ta goge hannu a zane ta ɗauka. Ina wanke-wanke ina jin ta tana magana ita kaɗai: ga gulbi ya mutu, ga mutane na shawara, wannan mai gemun bai yarda ba. Haka ta bi labarin tiryan-tiryan ba wanda ya karanta mata harafi ɗaya. Da babanku ya shigo ta kira shi ta ɗora yatsa a kan wani shafi, inda jirgin ya tashi, aka bar wata tsohuwa tsaye a busasshen gulbi ta kare ido da tafin hannu.

"Sahabi, wagga tsohuwa uwar wa ta?"

"Inna, ba uwar kowa ba ta. Na sa ta ne don wurin kada ya zama wayam."

"A'a. Mace ba ta irin wagga tsayuwa sai ɗanta na ciki. Kun kwashi iri kun bar uwa. Ka koma ka ɗauko ta."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce zai ɗauko ta a kashi na biyu. Ita ba ta yi dariya ba. Ta maida faifanta kan cinya ta ce tana jira.

Wanda duk gidan ke jin tsoron ra'ayinsa shi ne Baffanku Lawali, yayan babanku, don shi ke limanci a masallacin unguwa, kuma ba ya wasa da abin da ya shafi addini. Ni kaina na so a ɓoye masa. Amma ya ji a gari, ya aiko a ba shi, ya riƙe shi kwanaki. Ranar da ya maido, ina bayan ƙofar zaure ina ji.

"Sahabi, maganar zanen mai rai, ka san malamai sun yi saɓani, ni kau ina tare da masu kaucewa. Ba ni ɓoye maka, ba ni aje shi ɗakina. Wannan tsakaninka da Ubangijinka. Amma ba ita ta kawo ni ba." Na ji ƙarar buɗe takarda. "Mutanen ga naka, da sunka wuce wata, ina sunka fuskanta in za su sallah? Na bi shafi-shafi, ga buta nan ka zana, amma ban ga inda sunka ta da kabbara ba."

Babanku ya ce wallahi bai yi tunanin wannan ba.

"To sai ka yi. Ba a kwasar Musulmi a kai su inda ba gabas ba yamma a ƙyale su haka nan."

Makonni suka yi suna wannan muhawara bayan la'asar, Baffa da littattafansa, babanku da fensir a kunne. Ina alƙibla ga wanda duniya duka ta zame masa ɗigo? Yaya za a san azahar inda rana ba ta faɗuwa? Suka tsaya a kan cewa matafiyan su fuskanci ɗigon nan, su bi lokacin garin da suka baro. Babanku ya ƙara shafi guda a kan haka, sahu a cikin jirgi, ga duniya can ta taga kamar ƙwayar gero. Ban taɓa ganin 'yan'uwan nan biyu sun shaƙu kamar a makonnin nan ba. Ku riƙe wannan: a duk waɗanda suka karanta littafin a Gummi, ba wanda ya ɗauke shi da gaske kamar mutumin da kuke zargi.

Sai labari ya zo ta bakin wani abokin aikina cewa za a yi taron marubuta da masu karatu a wata makaranta a Anka, kowa na iya kawo abin da ya rubuta. Duk gidan muka yi murna. Ni ina goyon Bashiru, ban je ba. Baffa ne ya ce zai raka shi, suka shiga mota da sassafe, babanku da sabuwar riga da littafin a cikin leda. Da suka dawo na tare shi da ruwa, na tambaye shi yaya taro, ya ce lafiya lau, ya wuce ɗaki. Washegari Baffa ya ba ni labari a zaure, yana kallon ƙasa. Ya ce an karanta waƙoƙi da labaran soyayya an tafa. Da aka zo kan babanku, aka miƙa littafin ga wani malamin kwaleji da ke sharhi a kan teburi. Mutumin ya buɗe tsakiya, ya ɗaga shi sama ya juya wa jama'a.

"Jama'a, ku ga mutumin Gummi a cikin taurari, da hularsa da buhun shinkafarsa."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, in ji Baffa, kawai abin ya ba su dariya ne, kuma wannan ya fi ciwo. Da aka lafa, mutumin ya ce ƙagaggen labarin kimiyya na mutanen da suka ƙera jirgin ne. Mu da famfon unguwa ya gagare mu gyara, wa zai yarda mun je sama? Ya ce marubuci ya rubuta abin da mutanensa suka sani. Wani saurayi ya tashi ya ce shi dai ya ga abin zai yi kyau in aka mayar da shi barkwanci, a sa buhun ya fashe shinkafa ta watse a sama. Aka sake dariya. Baffa ya ce bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Na ce musu ni na karanta shi dut, daga bango zuwa bango, ban jin wanda yab buɗe tsakiya zai iya faɗin haka. Na ce mutanen cikin littahin ba wawaye ba na, gulbinsu yaƙ ƙahe sunka nemi mahita. Ban kai ƙarshe ba mai gabatarwa yac ce lokacin azahar ya yi. Ni liman, Malama, anka katse ni da sallah. Mi zan ce?"

 Babanku kuwa ya sa asalin zanen a kwali ya ɗora saman kabad. Da asuba ya daina zama a bakin zaure. Na gaya masa shatin mai da yatsun tuwo, na tuna masa Inna, ya ce, "Kulu, ku nawa na, dole ku so ni. Waɗancan su ne masu karatu." Na yi iyakar bakina, maganar ba ta shiga ba.

Da shekarar ta tsaya a nan, ina jin da ya warke, don mutum ne mai saurin huce fushi. Amma a cikin watannin nan ne aka kawo injin buga alluna a gari, mai fitar da hoto da rubutu a kan leda cikin yini ɗaya, masu shaguna suka daina neman mai burushi. Damina kuma ta zo da ambaliya, gulbi ya haye fadama ya kwanta a kan shinkafarmu har ta ruɓe. A lokacin kowa maganar zinariya yake, samari na ta tafiya ƙasar Anka da Bukkuyum suna dawowa da babura. Babanku ya tara mu a ɗakin Inna ya ce zai tafi ƙauyen Abare, can ƙasar Anka, an ce ana neman masu aiki a injin niƙa dutse. Inna ta ce ba da yawunta ba. Na ce albashina zai riƙe mu har abubuwa su daidaita. Baffa ya ce gonarsa ta tudu ta yi gero, rumbu ɗaya ne, a ci tare.

"Yaya, na gode," in ji babanku. "Amma ba ni zama ƙanenka na da ɗiya uku kana ci da shi. Rani ɗaya na. In ruwa ya sauka ina gida."

"Hannun ga naka ba na dutse ba na," in ji Inna.

"Inna, hannun ga ba wanda ka son shi yanzu."

 Ya tafi.

Rani ɗaya ya zama biyu. Aikinsu shi ne a kawo duwatsu daga rami, a farfasa, a zuba a inji irin na niƙan hatsi, gari ya fito a wanke a nemi zinariya. Ƙurar na tashi ta rufe mutum har gashin ido. Mutane daga ko'ina suke, wasu ko Hausa ba su ji sosai. Abu ɗaya da nake gode wa Allah a kai shi ne ya ƙi mu bi shi, ya ce wurin ba na iyali ba ne. In ya zo ganin gida sai in ga ya rame, yana kukan ciwon ciki, kofi na kufce masa. Daga baya aka ji yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan nan, likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen. Shi ma aka duba shi aka ce ta shige shi da yawa. Baffa ne ya je ya ɗauko shi. Wuyan hannunsa na dama ya saki, yatsun na rawa kamar na tsoho.

Yanzu ga wutar da kika gani, Nafisa. Ma'aikatan lafiya sun gargaɗi Baffa cewa kada kayan da babanku ya zauna da su can su shiga gidan da ke da yara, don ƙurar na maƙale a jikinsu. Ya ajiye buhun kayan a bayan gida, ya zazzage: riguna, bargo, hula. A ƙasan buhun sai ga takardun buhun siminti an yayyanka su daidai, an ɗaure da igiya. Zane ne. Ashe a Abare, inda ba mai sharhi ba mai dariya, babanku ya ci gaba da kashi na biyu. Takardun sun yi furu-furu da ƙura, ta shiga har cikin ninkinsu. Baffa ya ce zai kakkaɓe su, ya sa a leda ya kai gidansa. Babanku na zaune a kan turmi, ya girgiza kai.

"Yaya, gidanka ma da yara. Takarda mai hoto, duk inda kab ɓoye ta sai yaro ya gano ta, kuma sai ya lasa yatsa ya buɗe. Sa su wuta."

"Sahabi, ka sake tunani."

"Na ga yaran da anka binne can. Sa su wuta."

Baffa ya rufe hanci da rawaninsa, ya riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya, ya duba kowace da kyau kafin ya sa ta. Hawaye na bin gemunsa. Ni na tsaya nesa ina riƙe da ku. Da ya gama ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya shiga ɗakin Inna, wadda a lokacin ba ta iya fitowa, ya durƙusa a bakin gadonta ya ce, "Inna, na gani da idona. Jirgin ya dawo, an ɗauko tsohuwar." Ta ce alhamdu lillahi. Shi kaɗai ne mutumin da ya taɓa karanta kashi na biyu, kuma bai taɓa kare kansa a wurinku ba, don ya ce gara ku ji haushinsa da ku ji cewa babanku ne ya ba da umarni.

Sauran kun sani. Magani ya kwantar da cikin, bai maido hannun ba. Ya gwada ɗaure burushi da tsumma a yatsunsa, layin ya riƙa fita a karkace, ya kwance ya ajiye. Ya koma haɗa wa masu fentin gidaje kala, don idonsa bai taɓa kuskure ba. Kwalin saman kabad kuma wata ambaliyar ta ci shi lokacin da ɗakin gabas ya faɗi. Na kwafi duk sun bi hannun mutane, ko ɗaya bai rage a akwatina ba. Har ya rasu bai ƙara ambaton littafin ba, in wani ya tayar da maganar sai ya ce ƙuruciya ce.

Ina cikin takaba, wata rana da hantsi aka yi sallama. Mace ce matashiya da goyo, ƙafafunta da jar ƙasar hanya. Ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, ta ce sunanta Luba, daga Nasarawa Burkullu take, ɗinki take yi. Ba ta san babanku ba. Ta zo asibiti da yaron ne ta ji ana cewa Sahabi mai fenti ya rasu, sunan ya tsaya mata, don shi ne a bangon wani littafi da ƙanwar babanta ta kawo daga Gummi ita Luba tana yarinya. Ta ce a gidansu an karanta shi har ya rabu gida-gida, suka liƙe da ƙaro. Ta ce saboda shi ta nace sai da aka bar ta ta gama firamare, don ta gaji da roƙon yayyenta su karanta mata abin da ɗiyar sarkin ruwa ke cewa. Sai ta sunkuyar da kai.

"Inna, ki yi haƙuri, na san ba lokacin shi ba na. Namu shafin ƙarshe ya ɓace tun kahin in iya karatu. Mun tsaya inda sunka sauka sunka ga gulbi. Mi yaf faru?"

Na rufe ido, shafin ya zo mini. Na ce mata sun gyara ƙasa a bakin gulbin, jar ƙasa ce, sun yafa iri. Hoton ƙarshe yarinyar ce a durƙushe ita kaɗai, tana kallon ƙasar.

"Ta tsiro?"

Na ce a nan ya tsaya.

Ta jijjiga goyonta. Can ta ce su dai a gidansu sun daɗe da yanke cewa ta tsiro, yayanta ma har ya zana ta da gawayi a bangon zaure. Ta ce tun tana yarinya take son wata rana ta zo Gummi ta gaya wa mai littafin, amma ba ta san ana zuwa a gaya wa mutum irin wannan ba.

Na ce mata ana zuwa. Na tashi na zubo mata fura, don hanyarta da nisa.